Tsohuwar Shawara a Bakin Kwamfaila: A Sabunta Ta ko A Cire Ta?

A watan Afrilun 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya ƙaddamar da shirin koya wa 'yan Ghana miliyan ɗaya rubuta manhajar kwamfuta, a cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan da ke Akra. Zangunan birnin ba su jira wannan rana ba. Fiye da shekara goma da suka wuce Regina Honu, wadda ta kafa Soronko, ta riga ta fara zaunar da 'yan matan Nima a gaban kwamfuta tare da ƙungiyar Achievers Ghana, daga baya ZongoVation Hub ta Mahmoud Jajah ta shigo fagen. A Madina kuwa, Jami'ar Ghana ta Legon da jami'ar UPSA maƙwabta ne, ɗalibansu da dama a cikin unguwar suke haya, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga saurayi a baranda da dare yana fama da tsohuwar laftof da ya sayo a Tip Toe Lane.

Duk inda aka zauna maganar wannan koyo, abin da ake lissafawa shi ne tsadar data, ɗaukewar wuta, ƙarancin na'urori da albashin malamai. Duka gaskiya ne. Sai dai akwai wani malami da ba a sa shi a lissafi, alhali ya fi kowa daɗewa tare da ɗalibi, wato jan rubutun nan da ke fitowa a ƙasan allo idan aiki ya ƙi tafiya. Malamin aji sa'a biyu yake yi ya tafi gida. Saƙon kuskure kuwa yana tare da yaro duk tsawon dare.

Mai fitar da saƙon ita ce kwamfaila, manhajar da ke karɓar abin da mutum ya rubuta da harshe irin su C, C++, Java ko Rust, ta juya shi zuwa umarnin da inji ke ganewa. In ta ga abin da ya saɓa ƙa'ida sai ta ƙi ci gaba, ta faɗi dalili. A da dalilin gajere ne: a layi kaza akwai abin da bai dace ba. Yanzu da yawa daga cikinsu sukan ƙara da shawara, su ce ƙara kaza, cire kaza, ko kaza kake nufi? A nan gardamar take, domin harsunan kwamfuta suna sauyawa kowace 'yar shekara, jumlar shawara kuwa tana nan yadda wani ya rubuta ta tun farko, sai in an samu wanda ya tuna da ita.

Ga yadda abin yake a aikace. Akwai manhajar Dev-C++, wadda ɗalibai ke so saboda kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tana shiga filash a miƙa wa aboki ba tare da an ƙona data ba. Bugu na 5.11, wanda har yau yake yawo hannu da hannu, ya fito ne a 2015 ɗauke da kwamfailar GCC 4.9.2. Ɗalibi ya kalli darasi a YouTube, ya kwafo shirin da ke amfani da unordered_map, ɗaya daga cikin kayan da ƙa'idar C++ ta 2011 ta zo da su. Yana dannawa sai saƙo ya fito yana gaya masa cewa goyon bayan ƙa'idar 2011 har yanzu a matakin gwaji yake, sai ya kunna shi da hannunsa ta hanyar ƙara -std=c++11. A ranar da aka rubuta wannan jumla gaskiya ce. Amma tun 2016 GCC 6 ta mai da ƙa'idar 2014 abin da take bi kai tsaye, a 2021 kuma GCC 11 ta koma ta 2017. Yaron Madina yana karanta cewa abin da duniya ta daɗe da wucewa sabo ne, a bi shi da hattara. Abin da ya fi damuna a nan shi ne shawarar tana aiki. Ya ƙara kalmar, shirin ya tashi, ya tafi da yaƙinin cewa haka ake yi, gobe kuma ya koya wa na bayansa.

Ɓangare na farko a muhawarar ya ce maganin wannan shi ne a ƙara kyautata shawarar, a riƙa sabunta ta tare da harshen. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Python, harshen da masu fara koyo da yawa ke somawa da shi yanzu. Da Python 3 ya fito a Disambar 2008 an sauya yadda ake rubuta umarnin print, ya zama dole a sa baka biyu. Intanet kuwa cike take da tsofaffin darussa. Shekaru aka yi mai koyo yana kwafo layin farko a rayuwarsa, print "Sannu", na'ura ta ce masa tsarin jumlar ba daidai ba ne, ta yi shiru. Daga 2014 saƙon ya fara faɗin cewa baka ce ta ɓace, daga baya ma ya riƙa nuna yadda layin ya kamata ya kasance. A Oktobar 2021 bugu na 3.10 ya zo da aikin Pablo Galindo Salgado da abokan aikinsa: in ka buɗe baka ka manta ba ka rufe ba, saƙon zai kai ka inda ka buɗe ta, maimakon ya tuhumi wani layi na ƙasa da ba ruwansa, in ka yi kuskuren harafi a suna, zai tambaye ka ko wannan kake nufi. Kafin nan Evan Czaplicki ya nuna da harshen Elm a 2015 cewa kwamfaila na iya magana kamar mutum, masu Rust kuma suka ɗauki darasin suka sake fasalin saƙonninsu a 2016.

Masu wannan ra'ayi sukan kawo binciken da Titus Barik da abokansa suka wallafa a 2017, inda suka bi motsin idanun masu rubuta Java da na'ura, suka ga kashi 13 zuwa 25 cikin ɗari na lokacin aikin a karatun saƙon kuskure yake tafiya. Ke nan zancen da ake yi cewa ba mai karanta saƙonnin nan ba gaskiya ba ne. Ana karantawa, ana kuma wahala a kai.

Idan aka sauko da wannan hujja zuwa Zango sai ta ƙara nauyi. Ɗalibin da ke ɗakin kwamfuta a Legon yana da wanda zai ɗaga wa hannu. Yarinyar Maamobi da ta samu sa'a ɗaya bayan aikin gida ba ta da kowa kusa da ya taɓa ganin irin wannan saƙo. Turanci harshenta na biyu ne ko na uku, bayan Hausa da Tuwi ko Ga, Turancin kwamfaila kuma ko Bature sai ya koya. Duk binciken da za ta yi a Google data ce ke tafiya. Saƙon da ya faɗi laifi ya ja baki ya yi shiru, a wurinta ƙofa ce aka rufe. Da yawa da suka bar koyo a makon farko ba wuyar lissafi ce ta kore su ba, gani suka yi na'ura na yi musu tsawa da yaren da ba su ji, suka ɗauka ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ja.

Ɓangare na biyu ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bai kamata a ɗauke su tsofaffin hannu masu son kowa ya sha wuyar da suka sha ba, ko da yake akan samu irin waɗannan a cikinsu. Maganarsu tana da tushe. Bayanin laifi, in ji su, ba ya tsufa: in ka ba da rubutu a inda ake jiran lamba, wannan gaskiya ce yau da gobe. Shawara ce ke tsufa, domin ta dogara da al'adar aiki ta lokacinta. Kuma tana fitowa da murya ɗaya da bayanin laifin, da launi ɗaya, a wuri ɗaya, ta yadda mai koyo ba shi da hanyar bambance abin da kwamfaila ta tabbatar da abin da ta yi hasashe. Kamar ka tambayi hanya wurin wanda ya bar Madina shekara ashirin da suka wuce ne: zai kwatanta maka da cikakken tabbaci, ya ambaci bishiya da shago da kwana, kai kuma ba za ka san kwatancen ya tsufa ba sai ka yi nisa.

Misalinsu na farko daga Rust ne, harshen da ake yaba wa saƙonninsa fiye da kowanne. A tsarinsa na 2015, in kana son amfani da kayan da wani ya rubuta sai ka sa layin extern crate a saman shirinka. Tsarin 2018 ya sa wannan layi ya zama ba dole ba a yawancin lokuta, amma saƙon da ke tambayar mutum ko layin ne ya manta ya ci gaba da fitowa na wani lokaci kafin a sauya lafazinsa. Har yau, wanda ya kira rustc, kwamfailar Rust, kai tsaye ba ta hanyar manhajar Cargo ba, kwamfailar za ta ɗauka tsarin 2015 yake bi. In masu Rust, da suka ware mutane musamman don kula da saƙonni, suka bar tsohuwar shawara ta kwana, ina ga sauran?

Misali na biyu ya fi kusa da ɗalibanmu. Tun Visual Studio 2005 kwamfailar Microsoft take gargaɗin mai rubuta C cewa scanf na iya zama haɗari, ya yi amfani da scanf_s a madadinsa. Ɗalibi ya bi, shirinsa ya tashi a laftof ɗinsa. Ranar da ya kai shi kan Linux sai ya ƙi haɗuwa, domin ƙa'idar C ta 2011 ta sa irin waɗannan umarni a matsayin zaɓi ne kawai, ɗakin kayan glibc na Linux kuma bai taɓa ɗaukar su ba. A 2015 ma Carlos O'Donell da Martin Sebor sun gabatar wa kwamitin ƙa'idar C takarda suna neman a janye su. Shawarar daidai ce a gida ɗaya, amma saƙon bai gaya wa ɗalibin haka ba.

Sannan akwai maganar bincike, wadda ba ta yi wa ɓangare na farko daɗi yadda suke so ba. Brett Becker a Dublin ya samu a 2016 cewa ingantattun saƙonni sun rage yawan kuskuren ɗaliban Java. Amma Paul Denny da abokansa a Jami'ar Auckland sun gwada a 2014 ba su ga wani bambanci ba, Raymond Pettit da nasa abokan a Amurka kuma suka ce a 2017 sakamakon bai tsaya a gefe ɗaya ba. Ban da wannan, sauya saƙo yana da nasa farashin. Dubban amsoshi a Stack Overflow, wanda aka buɗe tun 2008, an jingina su ne da ainihin kalmomin tsohon saƙon. Ka sauya kalmomin, mai nema ya rasa su. Fassarorin da aka yi wa saƙonnin GCC zuwa wasu harsuna sukan faɗi in an taɓa jumlar asali. Masu yin aikin kuma da yawansu 'yan sa-kai ne, sa'ar da suka kashe kan gyaran jumla ba su kashe ta kan aibin da ke rushe shiri ba. Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ta tarbiyya: wanda aka saba gaya masa abin da zai danna ba zai koyi tambayar dalili ba, ranar da na'ura ta rasa shawara shi ma ya rasa.

Na daɗe ina auna maganganun nan biyu, kuma a ganina ɓangare na biyu ya gano ciwon daidai, amma maganin da ya kawo ya fi dacewa da wanda yake da malami a gefe. Binciken da bai ga bambanci ba a azuzuwan jami'a aka yi shi, inda ɗalibi ke da lakca, da littafi, da mataimakin malami. Bai auna mutumin da ke koyo shi kaɗai ba. In ka cire shawara daga bakin kwamfaila, mai koyo ba zai zauna ya yi tunani mai zurfi ba, zai je ya nemo ta a wani wuri: bidiyon da aka ɗora shekara goma da suka wuce, ko amsar da ta samu ƙuri'u da yawa saboda ta daɗe. Shiru yana da nasa misalin. Python 3.12 ya cire ɗakin kayan distutils a 2023, wanda ya ɗauko tsohon shiri kuwa abin da yake gani shi ne babu wani abu mai wannan suna. Gaskiya ce tsagwaronta, amma ba ta gaya masa cewa an cire shi ne da gangan ba, balle inda zai nufa. Manhajojin hira irin su ChatGPT sun sauƙaƙa wani abu, sai dai su ma daga tsofaffin rubuce-rubucen intanet suka yi karatu, kuma sukan ba da tsohuwar hanya da murya mai tabbaci.

Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen ɓangare na biyu kuma an riga an samo musu amsa. Rust yana ba kurakuransa lamba tabbatacciya, kamar E0432, wadda ba ta sauyawa ko an sauya jumlar, mutum ya nema da ita ko ya rubuta rustc --explain ya samu cikakken bayani ba tare da intanet ba. Lambobin da aka daina amfani da su ba a goge su, akan rubuta cewa kwamfaila ba ta fitar da su yanzu. A cikin kwamfailar Rust kuma kowace shawara tana da daraja: akwai wadda aka tabbatar har inji na iya aiwatar da ita da kansa, akwai wadda aka yi wa alamar cewa tana iya zama kuskure. Wasu shawarwarin ma akan gwada su, a aiwatar da gyaran a ga ko shirin ya haɗu. Wannan shi ne abin da nake so kowace kwamfaila ta yi a fili, a gaban mai karatu: inda ta tabbata ta faɗa, inda take hasashe ta ce hasashe ne.

Amma akwai inda gwaji ba ya kaiwa, kuma nan ne nake ganin muhawarar ta taɓa mu kai tsaye. Gwaji yana kama shawarar da ta daina aiki. Ba ya kama wadda ke aiki amma zamani ya wuce ta, irin ta extern crate. Wannan sai mutum. Ƙwararre kuwa ba ya lura, domin idonsa ya saba, lambar layi kawai yake dubawa ya wuce. Mai lura shi ne sabon shiga, wanda ke karanta kowace kalma yana ɗaukarta da gaske. Ruɗewarsa ita ce shaidar da masu gyara ke buƙata. Masu Rust sun tanadi fom na musamman a GitHub don kai rahoton saƙon da ya ruɗa mutum, suna ɗaukarsa aibi kamar kowane aibi. Mu kuwa mun taso a tsarin da ba a musu da malami, abin da aka gani a rubuce kuma ana girmama shi, wanda hali ne mai kyau a muhallinsa. Sai dai in yaro ya kai wannan ladabi gaban kwamfaila, kullum laifin a kansa zai ɗora. Ba ya zuwa masa a rai cewa mutum ne ya rubuta jumlar, a wata shekara, kuma tana iya zama ita ce ba daidai ba.

Saura abu guda da duka ɓangarorin biyu suka tsallake, domin a ƙasashen da intanet ke da arha suke gardamarsu. Gyaran da aka yi a can ba ya isowa filash ɗin da ke yawo a Nima. Saƙon Dev-C++ da na kawo an daɗe da wuce shi a GCC, yaronmu ne ke riƙe da bugun 2015. Kyawawan saƙonnin Python 3.10 ba za su taɓa fitowa a laftof mai Windows 7 ba, domin bugu na 3.8 ne na ƙarshe da ke hawa kanta, irin waɗannan na'urori kuwa ba su ƙare a hannun mutanenmu ba. Wanda ya fi buƙatar saƙo mai kyau shi ne ke samunsa a ƙarshe. Don haka ina ganin masu rubuta kwamfaila su daina amfani da kalmomi irin "a halin yanzu" ko "sabo" a cikin saƙo, su ambaci bugu da shekara, domin jumlar za ta rayu a hannun wani shekara goma bayan sun manta da ita. Saƙon da ya ce a GCC 4.9 kaza yake, ya bar wa mai karatu ƙofar tambaya: to ni wanne nake da shi, kuma wanne ake yayi?

Hukuncina shi ne shawara ta zauna, a kuma ɗauki tsufanta a matsayin aibin da ya wajaba a gyara. Rabin aikin yana wuyan masu kwamfaila, ɗaya rabin yana nan gida, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Malaman cibiyoyin Madina, Nima da Maamobi, da masu tsara manhajar karatun shirin miliyan ɗaya, ku sa duba bugun kwamfaila ya zama aikin ranar farko. Mutum ɗaya ya sauko da sabon bugu inda intanet ke da ƙarfi, ya cika filash ɗin da shi, a goge tsohon. Na'urar da Windows ta yi mata nauyi a ɗora mata Linux. Ku ware darasi guda cur a kan karanta saƙon kuskure, ku fassara shi da Hausa a allo, ku nuna wa yara ina bayanin laifi ya ƙare, ina shawara ta fara. Ranar da wani saƙo ya ruɗa rabin aji, kada a wuce shi da cewa haka kwamfuta take. Ku zauna tare da ɗaliban ku rubuta rahoto ku aika wa masu harshen.